Zaɓen Katakon Da Za A Lulluɓe Bangon Gidan Ƙauye

Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Hausa ya san bangon gabas ya fi kowane bango shan wahala. Daga can hadari ke tasowa, iska ta koro ruwa ta maka wa bango, kafin damina ta fita sai ka ga yaɓe ya zaizaye, tubali ya fito fili. Haka ɗakin kakata yake a ƙauyenmu. Shekara 3 da suka wuce mahaifina ya gaji da sa a yi yaɓe kowace shekara, ya ce zai yi maganin abin gaba ɗaya. Ya tafi kasuwar 'yan katako a birni, ya sayo wani farin katako marar nauyi mai araha, ya sa aka buga shi a jikin bangon tun daga ƙasa har sama. Ran da aka gama, mutane suka yi ta zuwa kallo. Kaka kuwa ba ta yaba ba, ba ta kushe ba, sai dai ta ce an mai da ɗakinta akwati.

Da hunturu ya kama sai katakon ya tsuke, ya buɗe, har kana iya zura yatsa tsakanin wani da wani. Waɗansu suka lanƙwashe suka tuge ƙusa. Damina ta zo, ruwa ya bi ta tsagar ya maƙale a baya, inda ba rana ba iska. Gara ta taso daga ƙasa ta bi ta bayan katakon ba mai ganinta, ta cinye katakon ƙofa, ta shiga akwatin da Kaka ke ajiye zannuwanta. Wannan ne ya fi yi mana zafi, domin a ciki akwai saƙi tun na aurenta. Da aka ɓamɓare katakon a damina ta biyu, sai ya riƙa marmashewa a hannu. Ran nan na gane abin da ake nufi da araha ba ta ado.

To, bana Baba yana gina ɗan ƙaramin gida na bulo, ɗaki biyu da baranda, a bakin gonarmu, inda yake so ya koma in ya bar aiki. Har yanzu kuwa ransa yana kan katako, domin ya ce bulo yana ɗaukar zafin rana ya riƙe har dare, kuma shi dai gidan katako yana ba shi sha'awa. Da za ni dawo makaranta sai ya ce mini, "Kai da kake koyon aikin kafinta, ka tambayo mana malaminku. Ba na so in sake zuba kuɗina a bakin gara." Na tambayi Malam, ya kuwa ba ni lokacinsa har sau uku bayan an tashi, ya kuma nuna mini abin da zan karanta. Abin da na samo shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Farkon abin da Malam ya ce mini shi ne, wannan sana'a ta lulluɓe bango da katako ba a wurinmu ta yi ƙarfi ba. Gidanta shi ne ƙasashen sanyi masu yawan daji, kamar Suwidin da Norwe da Finlan da Kanada, da waɗansu sassa na Ingila da Amurka. Saboda haka ya kamata mu fara duba yadda su suke yi, sa'an nan mu ga abin da zai yi mana amfani.

A ƙauyukan Suwidin galibin ƙananan gidaje na katako ne, kuma jajaye ne. Katakon da suke amfani da shi na itatuwan dajinsu ne, watau fayin da danginsa, waɗanda ba su da wani ƙarfi na a zo a gani. Abin da ke taimakonsu shi ne jan fentin da ake samu daga garin Falun. A garin akwai wani tsohon ramin haƙar tagulla, wanda aka daina aiki a cikinsa a 1992, kuma daga ƙasar da aka tono aka zubar ne ake samun launin. Ana dafa shi da ruwa da garin hatsi da ɗan man 'ya'yan wani tsiro. Amfaninsa shi ne ba ya toshe katako kamar fentin mai. In ruwa ya shiga yana iya fita, katako ya bushe. A Norwe kuwa akwai wata majami'a ta katako a Urnes wadda aka gina wajen shekarar 1130, tana nan tsaye har yau, ana shafe ta da wata irin kwalta da ake tatsowa daga itacen fayin. Mutanen Japan su kuma nasu salon daban ne. Sukan babbake fuskar katakon da wuta har ta yi baƙi kamar gawayi kafin su buga shi, don ruwa da ƙwari su rage damunsa.

Da na ji haka sai na ce, "Malam, ashe ko katako marar ƙarfi yana iya shekara ɗari a waje? To, me ya sa namu bai kai shekara biyu ba?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ai mutanen Suwidin da Norwe ba su da gara. Kai kuwa a kan gidanta kake kwana." Nan ne maganar ta fito mini sarai. Ba a zaɓen katako don sunansa ko don kyaunsa a hoto. Ana zaɓensa ne bisa ga irin abokan gaban da zai tarar a wurin da za a kafa shi.

Abokin gaba na farko shi ne ruɓewa. Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da katako. Abin da ke cinsa wani irin funfuna ne da ke tsiro a cikinsa in ya daɗe da danshi. Masana sun ce in ruwan da ke jikin katako bai kai wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, wannan funfuna ba ya iya yin kome. Watau ba laifi ruwa ya doki katako, muddin zai bushe da wuri. Wannan shi ne babban abin da ke damun Turawa, har suka kasa itatuwa aji 5 bisa ga juriyarsu. Aji na 1 shi ne mafi juriya, aji na 5 kuwa ba ya daɗewa ko kaɗan. Itacen ok na Ingila da jan sida na Kanada suna wajen aji na 2, shi ya sa mai hali a can yakan zaɓe su, ya bar su ba fenti. Itacen lac yana ƙasa da su, amma ya fi araha, kuma ana yawan amfani da shi a gidajen ƙauye.

Na biyu shi ne rana da iska. Katako kamar soso yake, yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Abin mamaki kuwa, a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa. A nan ne mu mutanen Arewa muka fi kowa shan wuya. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi a manyan motoci, daga jihohi irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Sau da yawa ɗanye ake loda shi. In ya iso nan hunturu ya same shi, ruwan jikinsa yakan sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. To, ina katakon da aka buga yana ɗanye zai tsaya yadda aka bar shi? Abin da ya sami na ɗakin Kaka ke nan tun kafin gara ta zo. Rana kuma tana kashe launi. Kowane irin katako aka bari a waje ba fenti, kome jansa ko ruwan zumarsa, zai koma ruwan toka. Wannan ba lalacewa ba ce, fata ce kawai, har ma waɗansu sun fi son sa haka.

Na uku ita ce gara, kuma ita ce tamu. Gara ba ta son haske, ba ta son iska. Daga ƙasa take tasowa, ta gina 'yar hanyarta ta laka ta bi. Duk wurin da katako ya taɓa ƙasa, ko ya manne da bango ya bar duhu da danshi a baya, to an shimfiɗa mata tabarma.

Yanzu sai maganar itatuwan kansu. Kafin in ambaci sunaye, akwai wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da Malam ya nuna mini wani gungume da aka yanka. Tsakiyarsa tana da duhu, gefensa kusa da ɓawo kuwa fari ne. Duhun nan shi ne zuciyar itace, a nan ne mai da ɗaci da sauran abubuwan da ke korar ƙwari suke taruwa. Farin gefen kuwa abincin ƙwari ne, ko da na itace mafi juriya a duniya ne. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka wannan katako na itace kaza ne, kada ka tsaya nan, juya shi ka ga ko rabinsa fari ne. Giginya ce kawai na sani ta saɓa wa wannan, gama ita bayanta ne mai tauri, cikinta kuwa taushi gare shi. Shi ya sa daga bayan ake fitar da azara, kuma azarar ɗakin Kaka ita kaɗai gara ta bari.

Cikin itatuwan da ake samu a Nijeriya, loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, yana cikin na gaba. Yana jure ruwa, gara ba ta cika damunsa ba, kuma ba ya yawan motsi in ya bushe. Har Turai ake kai shi don irin wannan aiki. Aibinsa shi ne tsada, ga shi wani lokaci akan sami wani abu mai tauri kamar tsakuwa a cikinsa wanda ke dakushe zarto, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi. Sai tik, wanda asalinsa daga ƙasashen Asiya ne, irin su Indiya da Bama, amma an daɗe ana shuka shi a nan, alal misali a gandun dajin Nimbiya a kudancin Jihar Kaduna. Tik yana da mai a jikinsa, in ka shafa za ka ji santsi, kuma yana aji na 1. Sai dai wanda aka sare yana ƙarami farinsa ya fi zuciyarsa yawa. Malaina, wadda ake yawan shukawa tare da shi, tana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma ba ta kai su juriya ba, kuma tana daɗewa ƙwarai kafin ta bushe. Kirya kowa ya san taurinta, da ita ake turmi da taɓarya, gara kuma tana shakkarta, amma da wuya ka sami doguwa miƙaƙƙiya da za a tsaga katako. Ta fi dacewa da ginshiƙi.

Akwai kuma kawo da maɗaci da madobiya, waɗanda kakanninmu suka sani da kyaun katako. A nan ni dai ina ganin ya kamata mutum ya yi tunani sau biyu. An sare madobiya ba ji ba gani ana kai wa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. A 2022 aka ƙara da kawo da maɗaci na Afirka. Ga shi kuma ganyen kawo da na madobiya abincin shanu ne da rani, ɓawon maɗaci kuwa magani ne. Ban ga dalilin da zai sa a kayar da itacen da ya shekara 60 yana ba gari inuwa don a yi wa bango ado ba.

Farin katakon nan da Baba ya saya kuwa, da na kai wa Malam guntunsa, sai ya ce obece ne. Itace ne mai kyau a wurinsa, watau cikin ɗaki, a yi silin ko akwatin kaya, amma yana aji na 5. To, ga abin dariya. Wannan obece da ya kunyata mu, shi ne ake saya daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, musamman Kamaru, a kai Turai, a gasa shi cikin wata babbar tanda da tururi a zafin da ya kai wajen digiri 200, sa'an nan a sayar da shi da tsada don lulluɓe bangon gidaje. Gashin yana ƙone abin da funfuna ke ci, ya sa katakon ya yi duhu, ya rage shan ruwa. Mutanen Finlan ne suka inganta wannan dabara a shekarun 1990. Amma kada wani ya ji haka ya yi murna, domin gashi ba ya hana gara.

Da na tambayi Malam zancen magani, sai ya ce shafawa da buroshi a fata take tsayawa. Wanda ya fi shi ne a tura maganin cikin katako da ƙarfin inji, kamar yadda ake yi wa turakun wayar lantarki. In ba a sami wannan ba, sai a jiƙa katakon cikin maganin gara da ake sayarwa a kanti, a bi umarnin da ke jikin gwangwani, a kuma sake shafe duk wurin da zarto ya yanka. Baƙin man mota da kafintocinmu ke shafawa kuwa, ya ce yana ɗan taimakawa, amma yana wari in rana ta yi zafi, fenti ba ya kama shi, yana ɓata ƙasa, kuma yana taimakon wuta.

Abin da ya fi ba ni mamaki duka shi ne, yadda aka buga katako ya kusa fin irinsa muhimmanci. Da fari dai tilas ya bushe a garin da za a yi aikin. Ana jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a shafe bakunansa da fenti don kada su tsage. In kana so ka san ko ya bushe, ɗauki guda ka riƙa auna shi kowane mako. Ran da nauyinsa ya daina raguwa, ya yi. Sa'an nan ba a manna shi da bango. Ana fara kafa 'yan siraran katakai a tsaye, a buga shi a kansu, don a bar fili kamar inci 1 a baya inda iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Bakin filin nan sai a rufe shi da ragar ƙarfe saboda ɓera da maciji da zuma. Katakon ƙasa kuma kada ya kusanci ƙasa. A Ingila inci 6 ne mafi ƙaranci, amma Malam ya ce a wurinmu gara a ba da ƙafa guda ko fiye, a bar siminti a fili, don in gara ta fara gina hanyarta a gan ta a kankare.

Faɗin kowane katako kada ya wuce inci 6, gama mai faɗi ya fi lanƙwashewa. In a kwance za a jera su, na sama ya hau kan na ƙasa da kamar inci 1, yadda ake jera kwano. In a tsaye ne, kamar yadda mutanen Norwe da Suwidin suka fi yi, sai a bar ɗan fili tsakanin biyu, a rufe shi da na uku. Kowace hanya aka bi, kada ƙusa ɗaya ta huda katako biyu, domin in suka tashi motsi ɗaya zai tsage. Ƙusar ma a nemi wadda ba ta tsatsa, in ba haka ba za ka ga baƙin zane yana gangarowa daga kowace ƙusa kamar hawaye. Bakin katako inda aka yanka yana zuƙar ruwa kamar kara, shi ma a toshe shi. Rufin kuma ya zarce bango sosai.

Saura wuta. A 1666 gobara ta cinye gidaje sama da 13,000 a birnin Landan, yawancinsu na katako, har aka kafa doka cewa da jan bulo ko dutse za a sake gini. Mu da ake cinna wa daji wuta kowane rani, tilas a share ciyawa kewaye da gida, a kuma nisanta madafa.

Da na koma gida hutu na zayyana wa Baba duk wannan, Kawu kafinta yana zaune yana ji. Kawu ya ce rabin abin ya sani, amma masu ba da aiki ba su da haƙurin jiran katako ya bushe, kuma in ka ce a sayi ƙusa mai tsada sai su ɗauka cuta za ka yi. Baba ya yi shiru, ya yi lissafi, ya ga kuɗinsa ba zai lulluɓe gida duka da loko ba. Aka tsaya a kan bangon gabas da na yamma kawai, da tik, a zaɓi mai zuciya, ginshiƙan baranda kuwa na kirya a kan dutse.

Na ce, "Baba, to ɗakin Kaka fa?" Kafin ya amsa sai ga muryarta daga ƙofa, ta ce, "Kai maigidana, bokonka ya tsaya a gonarku. Ɗakina makuba za a yi masa." Na kuwa goyi bayanta, domin bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, kuma duk abin da aka rufe shi da shi maɓoyar gara ce. Makuba kuwa ɓawon ɗorawa ne kawai ake dakawa a jiƙa a kwaɓa da ƙasa, ruwa ya riƙa zamewa a kai, in ya tsufa a sake. Ƙannena sun riga sun tara buhu 4.

Katakon tik ɗin yana nan jere a ƙarƙashin rumfa tun watan Nuwamba. Na yanki guntu guda na bar wa ƙanena da ma'aunin da Inna ke auna gyaɗa, na ce ya riƙa rubuta nauyinsa kowace Juma'a. A saƙonsa na makon jiya ya ce har yanzu yana raguwa, Baba kuwa ya fara tambaya yaushe za a kira Kawu.